Hoton da ke Saman Wayar Inna

Ni mutum ne mai yawan tunanin abin da bai faru ba. In na kulle shago na hau moto, wato babur ɗina, sai na sauko na koma na ja kwaɗon, ko da na san da hannuna na datse shi. Matata ta gaji da yi mini magana a kan haka, yanzu kallona kawai take yi. Ɗinki nake yi a Sabon Gari cikin Maraɗi, gidana yana unguwar Zariya, karatuna kuwa bai wuce aji shida na lakwal ba, wato makarantar boko. Ina iya karanta Faransanci in kalmar ba ta yi tsawo ba.

Mahaifiyata, Inna, tana Tsibiri, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Ni ne ɗanta na fari. Bayana sai ƙanwata da ke aure a Jiratawa, sai autanmu da ke aiki can Arewa. Mun yi mun yi ta dawo Maraɗi ta ƙi. Ta ce awakinta ba su iya zaman birni ba, gonarta ta gero kuma ba ta da ƙafar da za ta biyo ta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi zancena sai ta ce “mutumin Maraɗi”. In na je gaishe ta na durƙusa, amsawa take yi tana kallon awaki. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abin lura ba.

Wata ranar bazara da azahar ta je ɗiban ruwa a randa, kanta ya juya, ta faɗi. Ta daɗe a kwance a ƙasa. Allah ya sa maƙwabciyarta ta shigo aron rariya. Maƙwabciyar nan tsohuwa ce ’yar coci, mijinta malamin lakwal ne kafin ya rasu, kuma ita da Inna sun fi shekara talatin suna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga. Gwaggo muke ce mata. Ita ta kira ni, muka kai Inna likita, wato asibiti, lokotoron wurin ya auna ta ya ce tansiyon ne, jininta ya hau sosai. Ya rubuta magani, sannan ya ja ni gefe ya ce in ta sake jin jiri, ko hannu ya yi mata nauyi, ko bakinta ya karkace, kada a tsaya jiƙa wani abu, a kawo ta nan take. Ya ce a irin wannan ciwo jinkiri shi ne ke kashewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk lokacin da take kwance a bakin randa, waya tana rataye a wuyanta cikin ’yar jakar da na ɗinka mata. Babbar waya ce ta shafawa, autanmu ya aiko mata da ita, da ita take sauraren saƙonsa na murya da karatun malamai. Gwaggo ta tambaye ta a gabana don me ba ta kira kowa ba.

Inna ta ce, “Na taɓa ta. Ta kai ni wani gari, ban san hanyar komowa ba.”

Na karɓi wayar na duba. Garin da ta kai ta shi ne wurin lissafi, ta cika shi da bakwai-bakwai. Na saya mata ƙaramar waya mai maɓallai, na saita ta yadda in ta danna ɗaya ta riƙe za ta same ni. Da na koma sai na tarar ta naɗe ta a tsumma ta ajiye cikin kwalla don kada ta lalace. Ta gaya wa Gwaggo wuya ɗaya gare ta, waya ɗaya za ta rataya, kuma wadda auta ke magana a ciki ita za ta rataya.

Daga nan na shiga damuwa. Ina taka keken ɗinki ina ganin randar nan. Har wani kaftani na sa wa aljihu a baibai, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Ɗiyata ta biyu tana karatun kwamfuta a jami’a. Ita ce mai zama ta yi hira da ni in ta biyo shago da yamma, ta hau kan buhun ƙyallaye tana cin gyaɗata. Na gaya mata abin da ke damuna. Ta ce wannan ba wani abu ba ne, za ta haɗa wa kakarta aplikasiyon, wadda a rediyo suke ce wa manhaja. Ba a jima ba ta kawo. Aka buɗe, sai ga ƙaton jan maɓalli ya cika gilashin wayar. In ka taɓa shi sai wayata ta yi ƙara. Ta tsaya tana jiran yabo.

Na ce, “Ya yi kyau. To in ta ɓata fa?”

“Ta ɓata ina, Baba?”

“Cikin wayar. In tana garin lissafi kanta ya juya, wa zai kawo ta nan?”

“Sai ta fito, ta nemi aplikasiyon ɗin, ta buɗe.”

“Da ta iya fitowa ai da ba mu zauna nan ba.”

Ta ci gaba da tauna gyaɗa. Can ta ce akwai hanyar da za a sa abu ya zauna a saman komai, duk inda mutum ya shiga cikin waya yana nan yana binsa. Na ce ban gane ba. Ni a sanina in ka buɗe wani shafi, na baya ya tafi ke nan. Har na sha tambayar kaina ina yake zuwa.

Ta ce ba ya zuwa ko’ina. Ta tashi ta nuna mini yadudduka da na jera a kan tebur, ta ce haka shafuffukan suke, wani kan wani, wanda ka buɗe a ƙarshe shi ne a sama, sauran suna ƙasa suna jira. Sannan ta je wurin akwatin gilashi da nake baje huluna a ciki. Akwai wata ’yar takarda da na manna a jikin gilashin tun tuni, mai cewa a cire takalmi. Ta buga ta da yatsa.

“Sau nawa ka canza hulunan cikin nan?”

“Ba iyaka.”

“Takardar nan ta taɓa motsi?”

“A’a.”

“To ita ba ta cikin jerin. A jikin gilashi take. Can za mu sa maɓallin Kaka.”

Wannan bayani ya shige ni ƙwarai. Na yini ina kallon takardar nan kamar yau na fara ganinta. Amma ni ba a ba ni amsa ɗaya in ban haifi tambaya uku ba. Na ce in haka ne, me ya hana kowace aplikasiyon ta haye gilashin ta zauna, a rasa ganin komai? Ta ce akwai mai raba wuri a cikin wayar, shi ke cewa wane a sama, wane a ƙasa, kuma ba ya barin kowa ya hau can sai mai waya ya ba da izini da hannunsa. Ta buɗe mini wurin a tawa wayar, don a kanta za mu fara gwadawa. Na karanta rubutun a hankali da yatsa: izinin bayyana a saman sauran. Na tambaye ta don me ake tsaron wurin haka. Ta ce saboda ɓarayi. Wani zai iya shimfiɗa shafin ƙarya a saman na gaskiya, kai kana ganin kana rubuta lambar sirrinka a inda ka saba, ashe a tafin hannunsa kake rubutawa. Na janye yatsana.

“To wannan da kika haɗa, shi ma yana ganin abin da ke ƙarƙashinsa?”

“Baba, ni na ɗinka shi. Ban yi masa ido ba.”

“Kin tabbata?”

“Kai in ka ɗinka riga ba aljihu, aljihu yana tsirowa da kansa?”

Na danna na ba da izini, ina bisimilla.

Maɓallin ya fito, ɗan da’ira kamar bakin kofin shayi, ya tsaya a gefe. Na buɗe hotuna, yana nan. Na buɗe wurin saƙo, yana nan. Na je garin lissafi da gangan, yana nan yana jirana. Na riƙa buɗewa ina rufewa da sauri ko zan shammace shi, ban iya ba. Wani mai kawo ɗinki ya tsaya a kaina ya ce, “Maigida, wasan yara ka koma?” Na ce masa aiki nake yi.

Da yake ni ne mai gwaji, na samo masa aibu iri-iri. Na farko, in na ajiye wayar na yi ɗinki mai tsawo, in na dawo sai in tarar ya ɓace. Hankalina ya tashi, don ranar da Inna za ta neme shi ba za ta yi masa sallama tun da safe ba. Ɗiyata ta bincika ta ce mai tsimin batir ne. Akwai wani a cikin wayar da aikinsa ke nan, in ya ga abu ya zauna ba ya komai sai ya kore shi don wuta ta daɗe. Na ce ashe har cikin waya akwai masu korar mutane daga inuwa. Ta je ta gaya wa wayar wannan a bar shi, zaman da yake yi shi ne aikinsa. Na biyu, in aka kashe waya aka kunna, ba ya dawowa sai an kira shi. Wannan ma ta gyara. Na uku, yana rufe rubutu. Ta sa ya zama ana iya jansa da yatsa, in ka sake shi sai ya gangara ya manne a gefe. Da fari ta yi shi yadda in ka ja shi ƙasa zai tafi gaba ɗaya, na ce ta cire wannan, Inna za ta kore shi ba ta sani ba.

Akwai kuma abin da ya dame ni wanda ban gaya mata da wuri ba. In aka buɗe karatu, ayoyi suka fito a gilashi, maɓallin nan yana samansu. Ya halatta wani abu ya hau saman aya? Na riƙe tambayar har wani malami da nake yi wa ɗinki ya zo karɓar rigarsa. Ya karɓi wayar, ya ja maɓallin gefe da ɗan yatsansa, ya miƙo mini. Ya ce, “Ga shi ya sauka. Kai dai ka cika neman wa kanka aiki. Wuyan rigar nan fa, ka rage shi?” Duk da haka sai da na sa ɗiyata ta ƙara matsar da shi can ƙurya.

Saura abu ɗaya: me za a sa a jikin maɓallin? Ja ne da fari, na ce Inna za ta ɗauka alamar wayar ta lalace ce. Ɗiyata ta sa hoton kan tarho irin na da, na ce Inna ba ta taɓa riƙe irinsa ba, za ta ce ƙahon rago ne. Sai dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Na ce a sa hotona. In ta ga fuskata ta san wanda za ta samu, ba sai an yi mata bayani ba. Na sa sabuwar hula, na tsaya a bakin shago, ɗiyata ta ɗauka tana cewa in saki fuska, ba katin zaɓe ba ne.

Ran Juma’a bayan an sauko daga masallaci muka hau moto muka tafi Tsibiri. Ɗiyata ta karɓi wayar kakarta ta yi abin da za ta yi, suna ta tsokanar juna. Inna ta ce mata mai goshi kamar faifai, ita kuma ta ce tsohuwa mai rowar fura. Da aka gama aka miƙa wa Inna. Ta duba sau ɗaya, ta kife wayar a kan tabarma, ta tambayi ɗiyata ko an yi ruwa a Maraɗi. Ni kuwa na durƙusa daga gefe ina ta bayani: duk inda aka shiga yana nan, ba ya ɓata, taɓawa ɗaya ce. Ta ce, “To.” Na ce a gwada. Ta ce, “An gani.” Na koma gida ina jin na sauke kaya.

Ba a daɗe ba autanmu ya kira ni ya ce lafiya Inna ba ta sauraren saƙonsa? Ya aika da yawa, ba wanda aka buɗe. Ƙanwata ma ta kira daga Jiratawa, tana cikin lambun zogale ina jin ƙarar injin ban ruwa, ta ce ta buga wa Inna har ta gaji, sai ta wayar Gwaggo ta same ta. Ni nan take na ɗora laifin a kan maɓallin. Na ce ya cinye batir. Na ce ya toshe wurin amsa kira. Na ce ko ɓarayin nan ne suka biyo ta ƙofar da muka buɗe. Ɗiyata ta ce ba ɗaya, na ce ta sake dubawa, ta duba, ta ce ba ɗaya. Na kasa zama, na rufe shago da hantsi, na koma na ja kwaɗon, na kama hanya.

Na tarar Inna ta tafi barkar haihuwa a wata unguwa. Gwaggo ta ji tsayuwar moto ta leƙo.

“A’a, mutumin Maraɗi ne da rana tsaka? Wa ka bar wa shagon?”

Na gaishe ta na ce wayar Inna na zo dubawa, ina jin ta lalace. Ta yi wata dariya har tana riƙe katanga. Ta shiga ɗakin Inna kamar nata, ta buɗe kwalla, ta fito da wayoyi biyu, ƙaramar da babbar, kowace a naɗe cikin tsumma. Na kunna babbar. Lafiyarta lau, batir a cike. Ga ni nan a ƙurya da sabuwar hula. A tsakiyar gilashin kuma an manna ɗan filasta irin na likita.

Na ce, “Gwaggo, wannan fa?”

“Kai anka rufe. Ka ƙi rufuwa.”

Ta zauna a kan turmi ta ba ni labari. Ta ce tun ranar da muka tafi Inna ta kira ta ta ce a cire mata wannan abu. Gwaggo ta ja ni da yatsa, na gangara gefe na tsaya. Ta ja ni ƙasa, na dawo. Inna ta buɗe hoton marigayi mahaifinmu, ga ni a kafaɗarsa. Ta buɗe karatu, ga ni. Suka sa filasta a kaina, garin mannawa suka ture ni, na fito ta gefen filastar ina kallonsu.

“Duk wannan da sauƙi,” in ji Gwaggo. “Sai ranar sunan gidan mai goro. Mata sun cika tsakar gida, anka ce ta sa muna muryar auta mu ji. Ta fiddo waya, sai wata mai ido ta leƙa ta ce, jama’a ku zo ku gani, yau ga wadda ke yawo da ɗan fari a ƙirji! Wata ta ce ai har hula ta saya mai. Wata ta ce ta faɗi sunanshi mana tunda abin ya kai haka. Uwarka ba ta ci tuwon sunan ba. Ta taso, ta naɗe ka, ta sa a kwalla.”

Na ce, “Ai don lafiyarta ne.”

“Mun sani. Ita ma ta sani. To kai da hankalinka, matar da ba ta taɓa kallon tsakiyar idonka ba, ita za ta sa yatsa ta dangwali fuskarka? Ko tana mutuwa sai ta tsaya ta yi shawara.”

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ni ma haka nake. Babban ɗana yana nan, da gemunsa, ban taɓa kiran sunansa ba, “wannan yaron” nake cewa, in ya shigo shago sai in sami abin dubawa a cikin keke. Da wani ya manna mini hotonsa a waya ya ce in riƙa taɓawa a gaban abokan sana’a, da na ce ya raina ni. Na bi mai tsimin batir, na bi ɓarayi, na bi hukuncin aya, na tambayi wayar izini da bisimilla, amma wannan bai zo mini ba ko sau ɗaya. Har yau ina juya abin. Ina jin abin da mutum ya tashi a cikinsa ba ya ganinsa, kamar takardar nan ta jikin gilashina.

Na ce to a sa hoton akuyarta, jar nan da take ji da ita. Gwaggo ta ce in an sa akuya za ta yini tana shafa ta, wayata ba za ta huta ba, kuma ranar da akuyar ta mutu an shiga uku. Ta ce, “Sa mata wadda za ta iya zagi. Ina mai goshin nan?”

Da na gaya wa ɗiyata, dariya ta yi har gyaɗa ta sarƙe ta. Ta ɗauki hoton kanta ta kumbura kumatu, ta zare ido, ta turo goshin gaba. Na ce wannan ba ladabi, ta ce ai ba kai za ka gani ba. Ni kuma sai wani abu ya sake tsaya mini. Fuskar ɗiyata ce a sama, amma wayata ce za ta yi ƙara, don ita tana aji yawancin yini, ni ne mai moto. Wannan ba yaudara ba ce? Na ce ba zan yarda a ɓoye wa Inna ba, a gaya mata gaskiya, in ta ƙi shi ke nan, mu sake tunani.

Muka koma. Na tsaya a zaure ina jin su. Ɗiyata ta ɓare filastar, ta canza hoton, ta miƙa mata.

“Wace mummuna ce wannan?” in ji Inna.

“Wadda ta gado ki ce.”

“Ni? Allah ya sawwaƙe. Wanga goshi daga wajen uwarki ya fito. Ji kumatu kamar ta saci ƙosai.”

“Tsohuwa, ki saurara. In kin ji jiri, ko wani abu ya same ki, ki tsokale mini ido. Amma ki sani, in kin taɓa ni, wayar Baba ce za ta yi ƙara.”

Ni a zaure na kasa kunne.

Inna ta ce, “Ina ruwana da inda take ƙara? Ni ke nike taɓawa.”

Sai ga wayata tana ƙara a aljihu. Na ɗauka, ina jin muryarta ta waya da ta tsakar gida lokaci ɗaya. Ta ce, “Ke, ki gaya wa ubanki ya shigo ya sha fura, ya bar tsayuwa a zaure kamar mai bin bashin gishiri.”

Daga ranar wayar ta koma wuyanta. Kuma abin da ban zata ba, sai ta riƙa kira. Ina cikin ɗinki sai in ji, “Ke, ki gaya wa ubanki jar akuya ta haihu, biyu.” Ko, “Ki gaya mai, maganin ya kusa ƙarewa.” Ko, “Ki ce mai, gero ya fara fidda kai.” Da fari ban san yadda zan amsa ba. Daga baya na koyi cewa, “To, Inna, za a gaya masa.” Maƙwabcina mai gyaran agogo yana jin haka sai ya ce, “An aiko ka wurin kanka?” A ’yan watannin nan na ji muryar mahaifiyata fiye da yadda na ji ta tun da na bar gida. Ban gaya wa kowa ba, amma kowane kira sai gabana ya faɗi kafin in ji ashe akuya ce.

Ranar da abin ya zo, cikin damina ne, da hantsi, ina yanka shadda. Na ɗauka na ji shiru, sai kukan awaki daga nesa. Sannan muryarta, a hankali, kamar mai magana da abu a baki.

“Ke. Gaya wa ubanki hannuna ya yi nauyi.”

Na ce, “Inna, ki zauna inda kike, kada ki tashi.” Ban ce za a gaya masa ba. Na kira Gwaggo ina neman makullin moto, na ce ta shiga yanzu, ta sa a nemo mota. Kafin in isa Tsibiri sun fito da ita, na haɗu da su a hanya, na juya na bi bayansu har babbar likita ta Maraɗi. Lokotoro ya ce an kawo ta da wuri. Ya ce da an bari har azahar, da wani zancen ake yi.

Ta yi kwanaki a kwance. Hannun hagu bai dawo kamar da ba, ba ta iya ɗaukar tulu da shi, amma bakinta ya miƙe, tana tafiya da ƙafarta, ta koma Tsibiri wurin awakinta, ɗiyar ƙanwata tana kwana da ita. Daga baya da na duba wayar, na ga lokacin da abin ya same ta tana tsakiyar sauraren saƙon auta ne. Ba ta fita daga nan ba, ba ta nemi komai ba. Mai kumatun tana ƙurya, ta kai mata yatsa.

A ranar farko a likita, bayan an sa mata ruwa ta farfaɗo, ina tsaye a bakin gado, Gwaggo tana zaune tana yi mata fifita. Wayata ta yi ƙara. Mai gyaran agogo ne, yana tambaya ko lafiya, ya ga shagona a buɗe, almakashi a kan shadda, fanka tana ta juyawa, ba kowa. Sai a lokacin na tuna ban ko ja ƙofar ba. Na ce masa ya taimaka ya zauna a ciki, ina zuwa.

Inna tana kallon bango, amma ta ji. Ta ɗan juya kai wajen Gwaggo.

“A ce wa mutumin Maraɗi ya je ya rufe shagonshi,” in ji ta. “In da wani abu, ina da mai goshi.”